Sojojin Baba Sun Yi Furfura

Kuwait, 2 ga Yuli, 1997

Ammu Nagi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Tant Teriza. Na gode da tsayuwar da ka yi mana ranar jana'izar Baba da ranar arba'in. Ina kallonka a bayan mutane, kai kaɗai Kirista a cikinsu, kuma kai amininsa ka fi kowa kuka.

Yayana Hisham ya rubuto mini cewa ya saki gidanmu na unguwar Ibrahimiyya a Iskandariyya, ya rabar da kaya. Ya ce sojojin dalmar Baba ya so ya zuba su a kwali ya ba mai tsintar ƙarfe, kai ka zo ka ƙwace su, har ka kira shi jaki a gaban mai gadi. Ammu, Allah ya saka. Da ina nan da na ƙara masa.

Ina son sojojin nan. Na san za ka yi dariya, don ni ce nake cewa tsofaffi da furfurarsu suna wasan yara. Amma ka san Baba, ba mai magana ba ne. Bai bar mini ko takarda ɗaya da rubutunsa ba, hotunansa kuwa duk ya kawar da kai kamar ana binsa bashi. Abin da na sani na Baba shi ne bayansa a sunkuye kan teburin cin abinci, fitila a gefe, yana lasar bakin burushi don ya yi tsini, Mama tana faɗan zai sha guba. Abin da hannunsa ya yi kaɗai ya rage, shi ne mutanen nan 'yan mitsi-mitsi da giwayensu uku.

Zan zo hutu a ƙarshen Satumba in sha Allahu. Ka ajiye mini su zan tafi da su.

Ka gaida Tant, ka ce ina kewar miyarta ta mulukiyya.

'Yarka,
Shahira

*

Iskandariyya, 19 ga Yuli, 1997

'Yata Shahira,

Gaisuwa daga ni da Teriza, wadda ta karanta wasiƙarki kafin ni, kamar yadda ta saba da duk abin da ya shigo gidan nan. Ba jaki na ce wa Hisham ba. Cewa na yi jaki ya fi shi sanin darajar kaya.

Rundunar tsohuwar daular Kartaj ta mahaifinki tana nan a kabad ɗina, ba wanda ya ɓace. Har yanzu muna haɗuwa wasan yaƙi ran Alhamis a ɗakin baya na shagona, bayan na gama ƙera wa mutane haƙoran roba. Ni da Ustaz Fathi da Dakta Wagdi. Ba mu ɗauke kujerar mahaifinki Ra'uf ba. Fathi yana ɗora tef ɗin awonsa a kai, wai don kada ta zauna haka.

Teburin wasan ma aikin ubanki ne, ko kin sani? Yashin da ke kai daga bakin tekun Agami muka ɗebo shi ni da shi, ya tankaɗe shi da rariyar mahaifiyarki, ya gasa a tanda don ƙwari su mutu, ta yi sati ba ta yi masa magana ba. Tsaunukan ɓawon itace ne. Itatuwan soso ne da waya. Ciyawar kuwa ganyen shayin da muka sha ne, ya shanya ya rina. In muna tafe a titi ya ga wata tsakuwa sai ya tsaya ya duƙa, malamin makaranta guda, da kwat da taye. In ce, "Ra'uf, ɗalibanka na kallo." Ya ce, "Su kalla. Wannan ai dutsen da zan ɓoye maharba ne in ci ubanka ran Alhamis."

Bai taɓa ci na sau biyu a jere ba, ki rubuta wannan ki ajiye.

Yanzu ga abin da ke damuna. Ubanki mutum ne mai taurin kai, bai yarda da warnish ba, wato man nan marar launi da ake fesawa a kan fenti don kada ya goge. Wai yana kashe launi. Shekara da shekaru ina ce masa, "Sojojinka za su yi tsirara a filin daga." Ga shi kuwa fentin ya fara barewa a kan garkuwoyi da kunnuwan giwaye. In suka shiga akwati, suka sha jijjigar jirgi da hannun 'yan kwastan, rabin fentin a auduga za ki tarar da shi. Wagdi ya dawo daga Landan da gwangwanin feshi mai kyau. Zan fesa musu in gyara miki su, ko jikokinki sai sun gaji da ganinsu.

Teriza ta ce ki zo da yunwarki.

Ammunki,
Nagi Bishara

*

Kuwait, 4 ga Agusta, 1997

Ammu Nagi,

Gaisuwa. Yau wasiƙarka ta iso, a tsaye nake rubuta wannan don in kai gidan waya kafin su tashi. Na buga shago sau da yawa layin bai shiga ba.

Don Allah kada ka fesa musu komai. Inda fentin ya bare ɗin nan, ai wurin da yatsunsa suke kamawa ne. Shi nake so. In rabin ya zube a hanya ya zube, zan riƙe su a cinyata cikin jirgi. In Baba ya ce ba ya son warnish, to ba ya so. Ka bar su yadda ya bar su.

Ka amsa mini da wuri hankalina ya kwanta.

'Yarka,
Shahira

*

Iskandariyya, 1 ga Satumba, 1997

Shahira 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Ni ce Teriza. Ban iya tsara wasiƙa ba, kuma Nagi bai san ina rubuta wannan ba. Wasiƙunki biyu na baya suna kan firij, ya karanta bai amsa ba, kuma ba zai amsa ba in ban sa baki ba.

Wasiƙarki ta hana feshi ta zo a makare. Ya riga ya yi.

Ranar kuwa irin ranakun nan ne na ƙarshen Yuli da kin sani, laimar teku ta sauko, gishiri ya daskare a kwalba, shanyata tun safe ba ta bushe ba. Ya jera su duka a baranda a kan jarida. Na ce, "Nagi, yau iska a jiƙe take, ko gashina ya ƙi kwanciya." Ya ce, "Ke da gashinki. Yarinya na zuwa, so nake su bushe su huta." Shi da bakinsa yake koya wa mutane cewa ba a feshi ranar laima, kuma ana gwadawa a kan soja ɗaya tukuna. Ya faɗa wa Fathi wannan ya fi a ƙirga. Amma ranar doki ya kama shi, ya bi su duka da feshi, layi-layi, yana waƙa.

Ina kicin na ji waƙar ta tsaya. Da na fito, 'yata, duk sun yi fari. Kamar an barbaɗa musu gari. Jajayen rigunan nan, garkuwoyin, fuskokin, duk sun shige ƙarƙashin wani farin hazo, kuma ya bushe a kansu. Nagi na tsaye da gwangwani a hannu. Ya ce, "Teriza, na kashe shi." Na ce, "Rufe mini baki, Allah ne ya ɗauke shi." Bai ko ji ni ba.

Ya gwada duk dabarar da suka sani. Ya shafa man zaitun, ya sake fesa mai sheƙi a kan wasu ranar da gari ya bushe. Kaɗan sun ɗan dawo, dishi-dishi, sauran sun ƙi. Tun ranar bai buɗe ɗakin baya ba. Wagdi ya zo ya tsaya a ƙofa yana cewa, "Fito, tsohon banza, wa bai taɓa ɓata soja ba?" Nagi ya ce, "Nawa na ɓata ko na mamaci?" Wagdi ya juya ya tafi. Abinci sai na tsaya a kansa. Wandonsa har ya fara zamewa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Ya yanke shawarar zai jiƙa su a ruwan da ke cinye fenti, ya wanke su tas har dalma, ya sake fenta su irin hannun Ra'uf kafin ki zo, kuma ba zai gaya miki ba. Zai iya, kin san hannunsa. Ya riga ya fara da giwa ɗaya. Na ce, "Wannan ƙarya ce, Nagi." Ya ce, "Ƙaryar da za ta sa yarinya ta yi murmushi." Na ce, "To in ta rungume aikinka tana kuka tana kiran ubanta, ina za ka sa idonka?" Ya shige ɗaki ya rufe.

Na ɓoye kwalbar ruwan a gidan maƙwabciya, amma zai sayi wata. Ki yi masa magana da kanki. Ki yi fushi in za ki yi, kina da gaskiya. Ni dai mijina nake ji wa tsoro.

Allah ya tsare ki.

Tant ɗinki,
Teriza

*

Iskandariyya, 14 ga Satumba, 1997

Shahira,

Gaisuwa. Ban san ko ina da bakin cewa 'yata ba bayan wayar shekaranjiya. Duk abin da kika faɗa na ji. Da kika ce Hisham aƙalla bai yi kamar yana ƙaunar ubanki ba, na so in amsa, sai layin ya yanke, ko kuma ke kika ajiye. Gara da aka yi haka.

Ban sake wanke ko ɗaya ba. Giwar nan ce kawai, kuma ita ba ta dawowa. Lokacin da fentin ya narke ya bi ruwa ina kallo, toka-toka da ja, na san abin da na zubar a magudana. Duk da haka na zauna na fenta ta, don na riga na fara. Na haɗa launin tokarsa yadda yake haɗawa, da ɗigon shuɗi. Na yi ƙoƙarin yin layinsa mai kauri, da idon nan da kullum yake sa ɗaya sama da ɗaya. Na kai wa Fathi ban gaya masa ni na fenta ba. Ya juya ta a hannu ya ce, "Allah ya ji ƙan Ra'uf, ashe wannan ta tsira." Na dawo gida ban iya cin komai ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana fuskantar giwar nan a teburi bai gane ba, ke ma da ba ki gane ba. Wannan ya fi farin hazon tsorata ni.

Ki sani ba raini ya sa na yi feshin ba. Ko kuma raini ne, ban sani ba. Shekara da shekaru muna gardamar warnish ni da shi, ranar nan a baranda ina jin daɗi a raina cewa yau dai na yi nasara, ba ya nan balle ya hana ni. Teriza ta ce kada in rubuta wannan. Na rubuta.

Ɗan'uwan Wagdi zai tafi Kuwait jibi, na ba shi wannan wasiƙa da ƙaramin akwati. A ciki akwai giwar da na fenta, da soja mai mashi ɗaya daga cikin fararen. Ki duba su da rana kusa da taga. In kin karkata farin sojan, za ki hango jan rigar a ƙarƙashi, da inda ya bare a garkuwa. Yana nan, sai dai ba ya fitowa.

In kin ce in mayar da su duka kamar giwar, zan yi, zai ɗauke ni har bazara. In kin ce in bar su, na bar su. In kuma ba kya son ganina, Teriza za ta kawo miki su gidan Hisham.

Ina roƙon gafara.

Nagi

*

Kuwait, 20 ga Satumba, 1997

Ammu Nagi,

Gaisuwa. Saƙo ya iso. Na yini da su a bakin taga.

Giwar ta yi kyau. Ta fi ta Baba kyau, ko da ka yi ƙoƙarin ɓata ta. Zan dawo maka da ita, taka ce.

Sauran ka naɗe mini su a auduga yadda suke, da farinsu. Kada Tant ta kai su ko'ina. Ni zan zo shago ran Alhamis in karɓa daga hannunka, don ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba wanda ya rage da zai gaya mini sai kai.

Ban ce na huce ba. Ka ci abinci.

Shahira