Wilin Da Yaya Ya Shafa Wa Fenti

Litinin, 3 ga Maris

Mai faci ya ƙi taɓa tayar tsohuwar babbar motarmu. Wilinta irin na da ne, mai zoben ƙarfe da ke riƙe taya. Idan zoben bai zauna daidai ba, iska na shiga sai ya fizge kamar harsashi. Ya ce, “Baba, kaina ɗaya ne, kuma uwar yara ta fi son ganinsa a wuyana. A sa mata dunƙulallen wili marar zobe mana.” Na ce motar ta girme shi, ba za a sa mata takalmin yara ba. Mun yi dariya. Tawa ba ta kai ciki ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya ne ya shafa wa wilin nan jan fenti, sawun burushinsa yana nan har yau. Zoben ɗayansu ne kuma ya yi ajalinsa, a garejin nan, yana durƙushe yana ba taya iska. Zoben ya fice ta rufin kwano. Ban taɓa yarda a toshe hudar ba. Da hantsi rana takan sauko ta ciki, ta zauna daidai inda ya durƙusa, ni kuwa nakan kewaye wurin.

Tun daga ranar, duk sa'ad da za a ba taya iska, sai in tuna ina da uzuri a waje.

Juma'a, 7 ga Maris

Babban ɗana, wanda ke tuƙa motar yanzu, ya ce, “Baba, ƙarfe ne fa kawai.” Abin da ya rage na hannun Yaya ke nan.

Talata, 11 ga Maris

Ina ƙofar gareji na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Haka Yaya yake bin zobe da ƙaramar guduma yayin da iska ke shiga, ya kara kunne wai yana jin zamansa. Na leƙa ciki.

Ɗana ne. Da mai faci ya ƙi, sai ya ɗauki aikin da kansa. Yana durƙushe, fuskarsa a kan wili, hasken hudar a bisa ƙeyarsa. Ƙeyar ma iri ɗaya. Bai taɓa ganin baffansa ba, ban san wa ya koya masa ba.

An ce na yi ihu; ni dai ban ji muryata ba. Na tsinci tiyon iska a hannuna, shi kuma yana cewa, “Baba, lafiya? Ai saura kaɗan.”

Saura kaɗan.

Laraba, 12 ga Maris

Na aika a nemo dunƙulallun wili masu ramukan noti daidai da na motar.

Asabar, 22 ga Maris

An ɗaura. Baƙaƙe ne, ba su yi mata kyau ba. Mai gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, ya nemi tsofaffin, na hana, domin gobe wata motar za su hau, ɗan wani ya durƙusa. Na sa mai walda ya yanka zobban a gabana. Wili ɗaya na jingina da bango, jan yana kallon ɗaki.

Ina tsaye mai faci ya ba tayoyin iska, har ya gama. Ba ni da uzuri a waje yau, shi ke nan.

Ɗana ya dubi hudar rufin. Na ce ruwa yana ɓata kaya, ya nemo guntun kwano.