Yayana Ya Ɓoye Min Rasuwar Babanmu Saboda Aikina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya, duk a Alkahira muke. Shi shari'a yake karantawa, ni kuma lissafi da inshora na yi a jami'a. Da na gama sai wani kamfanin inshora ya ɗauke ni cikin sababbin da yake horarwa su zama akcuwari, wato masu lissafa haɗari da tsawon rayuwar jama'a don a tsara fansho da inshora. Da rana aiki, da yamma karatu, jarrabawar daga Landan ake turo ta mataki-mataki, sai mutum ya yi shekaru bai gama ba.

Tun da na fara Yaya ya sa min suna Azara'ilu. Gida ɗaya muke a unguwar Hayyus Sabi'i, in ɗalibai sun taru cin abinci ranar Juma'a sai ya ce a ba mai lissafin mutuwa wuri, su yi ta dariya. Na yi masa bayani ba ranar mutuwar kowa muke faɗa ba, na ce burina ma in na ƙware in koma ɓangaren takaful, wato inshorar Musulunci, ya ce haram haram ce ko an naɗa mata rawani. Ya ware min kwanona. Ya buga waya gida ya ce wa Baba riba nake ci, daga nan Baba ya daina karɓar wayata, in na je sentiral, wato shagon buga waya, na buga Inna ce kawai ke ɗauka. Da na gaji na kwashe kayana na koma unguwar Hadayik Ma'adi.

Da na ji Baba ba lafiya na je wurin Yaya in ji yaya jikin. A gaban abokansa ya dube ni ya ce, "Ai kai za mu tambaya. Duba jadawalinka ka gaya mana saura kwana nawa." Na tashi na fita.

Sai jarrabawa ta zo, na duƙufa. Ranar da na gama na shiga kasuwar Ataba in saya wa Baba bargo in aika, can na haɗu da wani ɗan kasuwa da ya san gidanmu, ya riƙe hannuna ya fara yi min gaisuwa. Ban gane ba sai da ya ce Allah ya jiƙan Alhaji. Ashe har an yi sadakar bakwai, Yaya ya hau jirgi ya tafi bai gaya min ba.

Da na same shi a waya cewa ya yi, "Ma'alish, yi haƙuri, na ga kana jarrabawa. Kuma na ɗauka lissafinka ya riga ya nuna maka."

Wanda ya fi ci min rai daga bakin Inna na ji shi. Tana kuka ta ce a asibiti Baba ya sauko daga fushinsa, ya yi ta cewa a kira masa ni, ya sa aka buga wa Yaya ya turo ni, Yaya ya ce ya gaya min na ce ba ni da lokaci. Wallahi ko sau ɗaya Yaya bai neme ni ba. Ban gaya mata gaskiya ba, don Inna tana da hawan jini, kuma Yaya ne yanzu a gabanta.

Sakamako ya fito na ci, kamfani na so ya tabbatar da ni in ci gaba da sauran matakan. Inna kuma ta ce ta yafe min, amma in ajiye aikin in dawo gida in ba Yaya haƙuri, tunda shi ne uba yanzu.

To 'yan uwa, in gaya mata gaskiya ne, ta san abin da babban ɗanta ya yi a wannan halin da take ciki? Ko in yi shiru, in bar aikin da na sha wahala a kai, in je in durƙusa gaban wanda ya sa Baba ya rasu yana zaton ya kira ni na ƙi zuwa?