Ƙorafi Kan Dukan 'Yata Saboda Maganin Shaƙa

Daga: Mahaifin ɗalibai biyu, 'yar aji biyar da ɗan aji shida,
Makarantar firamare ta unguwarmu.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Sashen Sa Ido Kan Makarantu.

Litinin, 22 ga Satumba, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DUKAN DA MALAMIN LADABTARWA YA YI WA ƊALIBA MAI CIWON ASMA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da ofishinka cewa 'yata mai shekara goma, wadda muke kira Auta, yau kwananta biyar a gadon asibiti, da karaya a yatsu biyu na hannun dama da ɗinki huɗu a gira. Malamin ladabtarwa na makarantarsu, wanda ɗalibai ke kira Sajan, shi ya yi mata wannan aika-aika a bakin ƙofa ranar Laraba, 17 ga Satumba, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, kwana uku da komawa karatu.

1. Auta da yayanta duka suna da asma. Farkon zango, lokacin da ake sanyin damina mura ke zagaye aji, shi ne lokacin da ciwon ya fi tasar musu. Don haka mako guda kafin a koma, mahaifiyarsu ta kai su asibiti, aka ba kowannensu ɗan bututun magani shuɗi da ake fesawa a baki, ta manna sunan kowa a jikin nasa. Ranar Litinin, 15 ga wata, ta miƙa takardar likita a ofishin shugaban makaranta. Akawu ya buga hatimi a kwafinmu, kwafin yana hannuna.

2. A gidanmu "shaƙa" muke kiran wannan magani. Tun Auta tana shekara huɗu, abin da take ji kowace safiya shi ne ko ta ɗauki shaƙarta. Da Sajan ya ciro shi daga jakarta yayin bincike ya tambaye ta, ta amsa masa da gaskiyarta: shaƙarta ce, sau biyu take yi a rana, kuma mamarta ce ta koya mata. Bai duba rubutun da ke jikin bututun ba. Ya ɗaga shi sama, ya shaida wa ɗaliban da ke kan layi cewa yau ya kama 'yar shaye-shaye, kuma ashe a gida aka yaye ta da shi.

3. Ya jefar da maganin ƙasa, ya take shi da takalmi har ya fashe. Ta duƙa za ta tsince, ya sauke mata guntun mesar ruwa a bayan hannu. Likita ya ƙirga shatar duka goma sha ɗaya a bayanta da cinyoyinta. Da ta yi yunƙurin gudu, ya fizgo ta ta wuyan riga, goshinta ya bugi ƙarfen ƙofa, jini ya rufe mata ido.

4. A haka ya sa ta durƙusa. Numfashinta ya sarƙe, ƙirjinta na kuka, ya ce iya shege ne irin na masu maye. Ta yi minti ashirin tana nuna maƙogwaronta da hannun da ya karye kafin ta kife. Matar da ke sharar makarantar ce ta goya ta zuwa titi, daga nan aka kai ta asibiti. Yayanta, mai shekara goma sha biyu, na tsaye a kan layi, mutum na shida a bayanta, da irin wannan magani a aljihun wandonsa. Tsoro ya hana shi fito da shi. Tun ranar ba ya cin abincin kirki, kuma ya ƙi shiga ɗakin da aka kwantar da ita.

5. Ranar Alhamis, 18 ga wata, na je wurin shugaban makarantar. Ya ce takardar likita ba ta iso teburinsa ba. Na nuna masa hatimin ofishinsa. Ya ce abin da ya faru kuskuren fahimtar kalma ne, ya kuma ba mu shawarar mu sauya sunan da muke kiran maganin.

Bisa wannan, ina roƙon Mai Girma Darakta da ya dakatar da malamin daga aiki har a kammala bincike, a ji ta bakin mai shara da akawu, a kuma ba da umarni a rubuce cewa duk ɗalibin da ke da takardar likita zai riƙe maganinsa ba tare da an taɓa shi ba. Na haɗa da rahoton asibiti, da kwafin takardar mai hatimi, da hoton ɓaraguzan bututun.

Ina kuma roƙon a gaggauta. Yau da safe na bi ta bakin makarantar, na ga Sajan a tsaye da mesarsa yana binciken jaka. Ɗana na gida. Likita ya ce kada ya fita ba magani, shi kuma ya ce ba zai shiga ƙofar nan da shi ba.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da adalci.

Naka cikin ladabi,
(sa hannu)
Mahaifin Auta