Makullin shago yana aljihuna

Auta,

Kina barci, ban tashe ki ba. In kin duba ƙusar saman ƙofa ba ki ga makullin shago ba, kada ki tara mini jama'a. Yana aljihuna.

Ke da bakinki kika ce ranar da na ɗauko shi da hannun da ya karye, ba kujera ba sanda, ranar zan koma aski. To, yau da safe na tsaya jikin bango na yi tafiyar yatsun nan da likitar gashin ƙashi ta koya mini. Na wuce zanen fensirin da kika yi jiya inda yatsuna suka tsaya, na ƙara gaba, sai na ji ƙarfe a yatsana. Kafaɗar ta yi ƙorafi, ban kula ta ba. Uwarki shaida ce. Tana riƙe da tsintsiya ta ce, "Tsoho, sauke hannun haka nan, ai mun gani."

Wata uku ina cewa likitar nan wasan yara take sa ni, ni da na shekara arba'in da aska a hannu. Na faɗa a gabanta, na faɗa a bayanta. Ki kira ta ki ce na janye, kuma Laraba zan zo ba sai an lallashe ni ba.

Yayanki kuwa ki ce masa ya sallami mutumin da yake son ba wa shagon. Kai biyu kawai zan aske yau, na sani, ba sai kin faɗa ba. Amma kujerar askin nan tana da mai ita.

Babanki