Baba, Gauraki Sun Dawo Fadama

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Allah Ya kai haske makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ni zan karanta maka, kana katse ni kana cewa na cika gaggawa. Amma abin da na gani ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Mutanen gida lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta. Bayan rasuwarka 'yan bindiga sun tashe mu daga ƙauye, muka yi shekaru muna raɓe a gidan Kawu cikin Birnin Gwari. Bana da abin ya ɗan lafa, ni da ƙanena Idi muka koma ƙauyenmu wajen Kakangi, damina ta riga ta yi nisa. Gonarka ta fadama ciyawa ta cinye ta, har ta fi ni tsawo.

Ka tuna tudun nan na tsakiyar fadama da ba ka taɓa bari a sa masa fartanya ba? Kowace shekara mu dasa shinkafa mu zagaye shi, ka ce ɗakin gauraki ne, ba a kutsa wa baƙo ɗaki. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Ƙasar da ta fi kyau a gonar, wai a bar wa tsuntsu!

To, Baba, ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekarar da idonka ya mutu ka daina zuwa gona, na cinna wa tudun wuta da rani, ruwa na sauka na dasa shi. Gaurakin suka zo, suka yi shawagi sau biyu, suka wuce. Kai kuwa kana zaune a zaure, kullum na dawo sai ka tambaye ni ko sun zo. In ce sun zo. In ce har da ƙwai. Damina uku ina shirga maka wannan ƙaryar. Wata rana ka ce kai dai ba ka jin kukansu da safe kamar da, ashe kunnen ma ya bi idon. Ka ɗora wa kunnenka laifina, na yi shiru. Ka gane ne, Baba? Rufa mini asiri ka yi?

Wata Laraba da hantsi ina saran ciyawa sai na ji kuka mai kauri kamar an busa ƙaho. Na lallaɓa na buɗe ciyawar.

Subhanallahi! Su biyu, tsaye cikin ruwa iya ƙauri. Tukkun kansu yana walƙiya a rana kamar zaren zinariya, goshi baƙi wuluk, kumatu fari da ɗan ja. Ɗayan ya buɗe fukafukai fari fat, ya rusuna wa ɗan'uwansa, ya daka tsalle, ya tsinko ciyawa ya wurga sama. Ɗayan ma ya rama. Babu makaɗi, babu 'yan kallo, sai ni mai laifi a laɓe. Ban san lokacin da addar ta faɗi daga hannuna ba. Na girma a fadamar nan, amma ban taɓa kallonsu ba, harararsu kawai nake yi. Ashe wannan kake gani duk shekarun nan kana murmushi kai kaɗai?

Kuma sheƙarsu a kan tudun take, daidai inda na ƙona. Ƙwai uku. Wa ya nuna musu wurin?

Idi ya ce mu nome tudun, rumbu babu komai, ga yara. Ya ce in sun ƙyanƙyashe akwai mai saye, a kai su gidajen masu hali a yanke musu fiffike su yi ta yawo a tsakar gida. Wani ma'aikacin gandun daji da na sani ya gaya mini sun kusa ƙarewa a ƙasar nan, doka ta hana kama su da sayar da su, shi kansa a hoto ya san su. Amma wa zai shigo dajin nan ya tsare doka? Kai ba ka san da ita ba, ka tsare su shekara da shekaru.

Mun yi kaca-kaca da Idi. Ya ce na koma kai sak, har da taurin kan. Zagina ya yi niyya, ni kuwa na juya baya na share hawaye. Mun dasa mun zagaye tudun. Shinkafar za ta ragu, Inna za ta yi faɗa, na ɗauka.

Jiya biyu daga cikin ƙwan suka ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi ruwan ƙasa, suna bin uwarsu cikin ruwa. Daga can na wuce kabarinka da taɓo a ƙafata, na tsaya na kasa magana. Shi ya sa na rubuta.

Ka yafe mini, Baba. Ka sake tambayata sau ɗaya kawai. Sun zo. Wallahi wannan karon sun zo.

Ka huta lafiya, sai mun iso.

Ɗanka mai taurin kai,
Sale