Ƙorafin Koyil Huɗu Masu Jan Ɗigo

Daga: Mammadu Zaharadeen, akawu mai ritaya,
Unguwar Limawa, Dutse.
Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga: Mai girma Alhaji Hashimu Lado,
Shugaban Kwamitin Sauraron Koke-koke,
Ƙungiyar Masu Gareji ta Bayan Tasha, Dutse.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAUYA KOYIL HUƊU NA MOTAR MALAMA BINTU A GAREJIN MALAM HUSSAINI

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan mai girma yana lafiya, ina rubuto wannan takarda a madadin mai ɗakina, Malama Bintu, wadda ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Jahun. Ta ce idan ita ta riƙe alƙalami ladabi zai yi ƙaranci, shi ya sa aka ɗora mini.

1. A ranar Asabar, 1 ga wata, Malama ta kai ƙaramar motarta garejin Malam Hussaini, mamba a ƙungiyarku, domin gyaran birki kawai. Injin motar lafiyarsa lau, ko tari ba ya yi. Koyil ɗinta guda huɗu, wato abubuwan da ke ba fulogi wuta, sababbi ne fil, bara ta saye su a Kano, kuma rasidin yana hannunmu. Ta karɓi motar ranar Lahadi da la'asar.

2. Ranar Litinin, 3 ga wata, ta wuce Kiyawa kaɗan mota ta fara kakkarwa kamar mai zazzaɓi, tana shan mai ba ji ba gani. Da ƙyar ta lallaɓa ta isa Jahun, ɗalibai sun riga sun gama darasi na biyu. Matar da ta shekara goma sha tara ba ta makara ba, ranar sai da ta sa hannu a ƙasan jan layi.

3. Washegari Malam Hussaini ya duba, ya ce koyil biyu sun mutu, biyu kuma suna hanya, gara a canza duka. Ya yanka mata naira dubu talatin da biyar kowanne idan sabo ne, dubu goma sha takwas idan ɗan Beljiyam ne, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ban da ladan aiki dubu goma. Ranka ya daɗe, idan sababbi za a saka, dubu ɗari da hamsin ke nan, kuma daidai da kwasar adashin da Malama ta shekara tana zubi domin rajistar 'yarmu Umaima a makarantar koyon jinya. Ranar Juma'a mai zuwa, 14 ga wata, za a rufe rajistar. Babu mota babu aiki, idan kuma aka gyara mota yarinya ta zauna a gida shekara guda. Kwana biyu Malama ba ta iya cin tuwo ba, ni ma da nake kallonta ban ji daɗin nawa ba.

4. A nan ya kamata mai girma ya san halin mai ƙorafi. Kamar yadda mata ke yi wa kwanukansu alama don kada su ɓace a gidan biki, haka Malama take ɗiga wa kayanta jan farce, ɗigo uku a jere. Sai dai ita ba ta tsaya kan kwanuka ba. Butar alwala tana da shi, cajar waya tana da shi, ni kaina idan aka juya hulata za a gani. Ranar da aka ɗaura koyil ɗin nan a Kano sai da ta sa makanike ya dakata, ta zaro kwalbarta daga jaka, ana ta yi mata dariya. To, da ta leƙa injin ranar Talata, babu ɗigo ko ɗaya. Malam Hussaini ya ce zafin inji ne ya cinye. Ta amsa masa cewa tukunyarta ta fi injin nan ganin wuta, kuma ɗigonta na nan.

5. Ba mu ce Malam Hussaini ɓarawo ba ne, Allah ya kiyaye. Kowa ya san yadda makanikai ke aiki: idan wata mota ta zo da ciwo, sai a ari kayan wadda ke fake a gefe a gwada. Abin da muke zargi shi ne ya ara, ya ga mota ta tashi, murna ta kama shi, ya manta da mayarwa, ya cusa wa tamu tsofaffin. Shi kansa ya ce motoci bakwai ya taɓa ranar, ba zai iya tuna wacce ba.

6. A ranar Asabar, 8 ga wata, da hantsi, Malama ta koma garejin. Ta tarar da wata farar mota an ɗaga bonet ana ƙara mata ruwa, mai ita yana tsaye yana yabon hannun Hussaini, wai mako guda ke nan motarsa na tafiya kamar sabuwa. Ta ɗan sunkuya, ta ga ɗigo uku-uku har wuri huɗu. Saboda girman mai motar da furfurarsa ta bar maganar sai a takarda. Ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya tambaye ta lafiyata. Ta dawo gida tana dariya har da hawaye, ta ci tuwo malmala biyu.

Mun san sana'ar mai girma walda da fenti ce, ba harkar wuta ba, don haka ba mu ɗora masa laifin komai ba.

Bisa wannan, muna roƙo cikin ladabi: a kira Malam Hussaini gaban kwamiti kafin ranar Alhamis, a mayar wa Malama kayanta ba tare da ta biya ko sisi ba, kuma kafin zaman, mai girma ya daure ya fita ƙofar gida ya ɗaga bonet ɗin farar motarsa.

Domin sauƙaƙa wa mai girma, mun haɗo da farashin koyil daga shaguna uku, na ukun ya fi rahusa. Malama kuma ta ce idan an sayo sababbin a aiko mata, za ta ɗiga musu alama kyauta, ɗigo huɗu, don kada su haɗu da nata.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Mammadu Zaharadeen
(a madadin Malama Bintu, wadda ta ɗiga nata a ƙasa)