Kujerar da Aka Bar Mini

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya Baba da yara? Muna lafiya, sai ɗan ciwon baya saboda goyon takwararki, amma kada ki damu.

Jiya likitocinta suka yi zama a kanta a ɗaki ɗaya: mai aikin ƙwaƙwalwa da laka, mai kula da mafitsara, da mai motsa mata ƙafafu. Na ga kujera ba kowa, sai na raɓe bakin ƙofa, ina zaton ta wani babba ce. Ashe ni ake jira! Shugabarsu ta ce, "Maman yarinya, zauna. Ba za mu fara ba sai da ke."

Sun yi ta musu. Daga ƙarshe suka amince a gyara bututun da aka sa wa yarinyar don janye ruwan da ke taruwa mata a kai, sannan a gwada ta da tsayuwa. Ba su yi alkawarin tafiya ba, sai a ci gaba da addu'a.

Amma takalman nan nata da kika ɓoye don kada in gani in yi kuka, ki fito da su ki aiko mana.

'Yarki